Igiyar da Ba Mai Ja

Litinin, da safe kafin a tada injuna

Na riga kowa zuwa don in samu in zauna ni kaɗai. Tun da gas ya kama da wuta a gidan can har aka kwantar da wata yarinya a asibiti, hancina ya daina yi min adalci. A mota warin gas nake ji, a ofis warin gas, jiya har gyalena na shinshina na ajiye. Baban yara ya ce in je asibiti. Na ce masa babu likitan da ke duba hanci mai tsoro.

Kan tukunyar gas muke haɗawa a masana'antar nan, ni ce kuma mai duba inganci a ƙarshen layi. Duk kan da ya fita da aibu, hannuna ne na ƙarshe da ya taɓa kwalinsa. Wanda aka tsinto a gidan can namu ne, da tambarinmu a jikinsa, kuma an ce ta wajen zoben roba ya yi yoyo.

Hukuma ta ba mu zuwa ƙarshen wata: mu faɗi inda aibun ya fito, mu kawo tsarin da zai hana a sake, ko su garƙame ƙofa. Manaja ya ɗauko ƙwararru biyu, kowa da nasa tsarin, ya ce ni zan bi su in gani, in faɗi wanda za mu ɗauka. Ni fa. Ranar da aka raba sababbin kujeru ba wanda ya tuna da ni.

Yanzu Yaya ya wuce ta jikin taga da kwanon abincinsa, ya sara min kamar soja, ya ce, "Madam, an tashi lafiya?" Haka yake tsokanata a wurin aiki. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya sa ni makaranta, shi ya kawo ni nan. Zoben roba kuma shi yake sawa tun kafin in san hanyar masana'antar.

Na jawo littafin nan. Rubutawa kawai na yi.

Talata, bayan azahar

Ta farko ta zo. Doguwar mace ce, dariya ba ta dame ta ba, da ƙaramin ma'auni a aljihun riga, shi ya sa kafin a tashi cin abinci ma'aikata sun raɗa mata Mai Awo. Sunan tsarinta Siks Sigma. Ta ce a cikinsa tana da baƙar ɗamara, wato ta kai maƙura. Direbobinmu suka ɗauka 'yar dambe ce, duk inda ta nufa sai su dare.

Ba ta yarda da "ina jin" ko "a ganina" ba. A wurinta a fara faɗin matsalar dalla-dalla, a auna, a bincika, a gyara, sannan a tsare gyaran kada ya zame. Ta ce kowane inji da kowane hannu yana da 'yar karkata, aikinta shi ne ta gano inda karkatar ta wuce iyaka. Wai idan tsarin ya zauna, aibu a cikin miliyan ba zai cika yatsun hannu ɗaya ba. Na ce a raina, mu ɗaya ma ya ishe mu.

Akwai takardar shaidar inganci da ke rataye a ofishin Manaja cikin gilashi, kullum sai ya sa an goge ta. Ta dube ta ta ce, "Wannan ta ce kun rubuta yadda kuke aiki. Ba ta ce haka kuke aikin ba." Manaja ya yi tarin da ba shi da shi.

Da muka fito na tambaye ta, "Idan kika gama awon, za ki gane wanda ya yi kuskuren?"

Ta ce, "Malama, awo wuri yake nunawa, ba mutum ba."

Na ce to. Amma a kowane wuri akwai mutum a tsaye.

Laraba, da yamma

Na shafa wa kan tukunyarmu ta gida ruwan sabulu in ga ko yana yoyo, ba kumfa. Na sake shafawa, ba kumfa. Da gawayi na yi girki.

Alhamis, lokacin cin abinci

Na biyu gajere ne mai fara'a, ya gaisa da kowa har maigadi. Tsarinsa Lin. Ya zana da'ira da alli a tsakiyar ɗakin aiki, ya shiga ya tsaya yana kallonmu har ƙafata ta gaji a madadinsa. Duk abin da ya gani sai ya ce a yanke. Jiran kaya ɓarna ce, yawo tsakanin inji da sito ɓarna ne, tara kwalaye har rufi ɓarna ne. Kafin azahar ya zama Mai Almakashi.

Teburina ma bai tsira ba. Ya ce, "Malama, kai ɗaya kike gwadawa a kowane kwali. Sauran fa?" Na ce Allah ke tsarewa. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce inganci a hannun mai aiki ake yin sa, wanda ke jira a ƙarshe sai dai ya tarar da abin da ya riga ya lalace.

Sai ya kawo maganar igiya. Za a ɗaura ta tsawon layi, daidai saman kawunanmu. Duk wanda ya ga abin da bai kwanta masa ba ya ja, ƙararrawa ta buga, layi ya tsaya, a taru a yi ta tambayar "me ya sa" har a kai tushe. Ba a tambayar "waye".

Manaja ya ce, "Kowa? Har mai shara?"

"Har mai shara, ranka ya daɗe."

"Mai shara ta tsayar min da inji?"

Almakashin ya yi wa Manaja, igiyar ce ta tsaya masa a wuya. Ya dai yarda a gwada saboda hukuma.

Abu ɗaya Mai Almakashi ya nuna da allinsa: wurin yarinyar da ke bayan Yaya a layi, wadda muke ce wa Maijego tun da ta dawo daga hutun haihuwa. A rubuce aikinta shi ne ta goge kai da tsumma ta miƙa gaba. Ya ce wannan ba aiki ba ne, a mai da ita wajen shirya kwali.

Na fara gane bambancinsu. Ita karkata take tsoro, shi ɓarna. Ita sai ta tono abin da ya wuce kafin ta taɓa komai, ko da za ta yi watanni. Shi gobe yake so ya ga an canza. Ni dukansu biyun tsoro suke ba ni, ban san me ya sa ba. Ƙarya nake, na sani.

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Yaya. Na tarar da Anti, matarsa, a tsakar gida tana fifita gawayi, hayaƙi ya sa ta hawaye. Tukunyar gas ɗinsu tana can bayan ɗaki, an cire kan, an lulluɓe ta da buhu.

Na ce, "Anti, ya ƙare ne?"

Ta ce, "Yayanki ne ya ce gas ya yi tsada, wai mu huta tukuna."

Da ta shiga ɗaki na je na ɗaga tukunyar. Da ƙyar ta motsa, cike take.

Yaya ya zuba min shayi da kansa, rabi a kofi rabi a faranti. Ya ce butar ce bakinta ya karkace. Butar da ni na saya musu, bakinta lafiya lau. Muka yi hirar makarantar yara, ya tsokane ni wai na rame, wai Baban yara ya daina ciyar da ni. Har na tafi ba wanda ya ambaci masana'anta.

Litinin, bayan an tashi aiki

An ɗaura igiya. Ja ce, sabuwa fil. Wuni guda ba wanda ya taɓa ta, sai wani da ya rataye hularsa a jiki.

Mai Almakashi ya bi layi yana lallashi, ya ce wanda ya fara ja zai tafa masa da kansa. Wata dattijuwa mai ɗaura noti ta ce, "Yallaɓai, in na ja ai na ce wanda ke gabana ya yi kuskure ke nan. Ya girme ni fa. Da wane ido zan dube shi gobe?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take.

Talata, kafin azahar

Mai Awo ba a teburina take ɗibar kaya ba. Tsakanin hannu da hannu take tsayawa, ta cafke kai kafin na gaba ya karɓa, ta auna, ta rubuta. Yau ta kira ni gefe, ta buɗe kwamfutarta ta nuna min zane biyu. Kan da ya iso ƙarshen layi kusan duk lafiya. Kan da ta cafke daidai fitowarsa daga wajen zobe kuwa, da yawa zoben bai zauna ba, ya ɗan kwanta gefe.

Ta ce, "Akwai mai gyarawa a ɓoye, Malama. Aikin da ba a rubuce yake ba, ba wanda ya san ana yin sa. Irin wannan ya fi ba ni tsoro a kan aibun kansa, don ranar da mai gyaran ba ya nan ba wanda zai sani."

Sai ta ce, "Me ya canza a watan da aka haɗa na gidan can?"

Na sani. Ni da ƙafata na je asibiti na ga jaririn Maijego a watan.

Na ce zan duba.

Laraba, lokacin cin abinci

Na tare Maijego a wajen wanke hannu, na rufe ƙofa. Ban ma gama tambayar ba ta fara kuka.

"Anti, babban yatsa kawai nake sawa in danna, sai ka ji ƙas, shi ke nan ya zauna."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa, Anti? Ke? Yayanki ne fa. Sa'an babana ne. Ni ce zan tona masa asiri a gaban mutane?"

Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganganu. Na ce rufin asirin banza ne, na ce tukunyar gas ba ta san sa'an baban kowa ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da ban tafi haihuwa ba da..." Na daka mata tsawa na ce ta rufe min baki, haihuwa ba laifi ba ce. Sai na rungume ta. Rigarta ƙamshin jariri take yi. Rabona da jin wani ƙamshi da ba gas ba har na manta.

Alhamis, da safe

Mutanen hukuma sun sake zuwa. Akwai ɗan sanda a motarsu. Bai sauko ba.

Juma'a, da yamma

Bari in rubuta shi ƙiri-ƙiri.

In na ce Mai Awo, za ta gama bincikenta, zanenta ya nuna wajen zobe. Ta ce wuri take nunawa, na yarda da ita, amma hukuma ba ta tafiya da wuri a mota. Mutum take ɗauka.

In na ce Mai Almakashi, ba za a tono abin da ya wuce ba, Yaya ya tsira. Amma za a ɗauke Maijego daga bayansa, a ɗauke teburina, a bar mu da igiyar da ba mai ja. Zobe a karkace ya shiga kwali, kwali ya shiga mota, mota ta shiga gari. Kowane gida da ashana a kusa da murhu.

Ba laifin tsarinsa ba ne. Shi da igiya ya zo, mu ne ba ma ja. Ba laifin nata ba ne, ita gaskiya take aunawa.

Manaja ya tare ni a matattakala ya ce, "Malama, ki duba mai sauri. Tone-tone ba zai amfani kowa ba." Wato ya zaɓa, bakina kawai yake so ya ara.

Baban yara ya ce, "Ki je ki yi masa magana mana. Ɗan'uwanki ne."

Na ce, "In ce masa me? Yaya, idonka ya tafi, kuma ga abin da ya jawo?"

Na je ɗin. Na same shi a inuwar sito yana ɓare lemo, ya raba biyu ya miƙo min babban rabin, kamar yadda yake yi tun ina yarinya. Na ce, "Yaya, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Ya ce, "Ras nake, Auta."

Na shanye lemon na koma bakin aiki. Matsoraciya kawai.

Asabar, da hantsi

Ruwan sabulu. Ba kumfa. Gawayi ya kusa ƙarewa.

Litinin, bayan an tashi aiki

Manaja bai jira bakina ba. Daga yau an mai da Maijego wajen kwali, wai a gwada kafin hukuma ta zo gani gobe. Ta wuce ni da tsummanta a hannu, idonta a kaina har ta sha kwana.

Na ɗauki ma'auni na je na tsaya a gurbinta, wai ina dubawa. Kai na farko lafiya. Na biyu lafiya. Sai ga shi, zobe ya kwanta gefe, ko yaro zai gani. Igiya tana saman kaina, in na miƙa hannu na taɓa ta. Yaya yana gefena, ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa aikin, yana shafa bakin zoben da yatsa.

Na sa babban yatsa na danna. Ƙas.

Haka na wuni. Ni da na zazzage wa Maijego masifa. Yatsana har ya kumbura, da ƙyar nake riƙe biro. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma gobe ba za a bar ni in tsaya a wurin ba.

Talata, bayan magariba

Dole in rubuta wannan.

Hukuma ta zo. Manaja ya sa ni a gefensa ina yi musu bayani, ga Mai Awo ga Mai Almakashi. Aka tada layi. Daga inda nake ina hango gurbin Maijego, ba kowa. Kai yana fita daga hannun Yaya yana wucewa kai tsaye, ba mai dannawa. Bakina yana magana a kan tsafta da tsari, idona yana bin kan da ke tafiya wajen kwali. Na ce wa ƙafata ta je wajen igiya. Ta ɗan matsa, ta tsaya.

Sai ƙararrawa ta buga.

Ban taɓa jin ɗakin nan shiru da rana ba. Injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗaga kai yana neman marar kunyar da ya ja. Hannun Yaya ne a jikin igiyar, bai ma sake ta ba.

Mai Almakashi ya ruga da murna, har ya fara tafi. "Madalla, Baba! Mene ne?"

Yaya ya ce, "Ba na ganin zoben. Da lalube nake sa shi. An daɗe."

Tafin ya tsaya.

Ya juyo wajen da yake jin muryata, bai dace da fuskata sosai ba, ya ce, "Kullum ina jin ƙas a bayana, na san yarinyar nan ce take gyara min. Jiya ke ce a wurin, Auta, na san numfashinki. Yau ba na jin kowa." Bai ce min Madam ba.

Mutumin hukuma ya buɗe biro. Mai Awo, wadda ban taɓa ganin ta yi gaggawa ba, ta jawo kujera da kanta ta ce, "Zauna, Baba." Sannan ta ce a killace duk kwalin da aka cika yau. Mai Almakashi ya share gumi, ya juya wajen Manaja, ya fara tambayoyin nan nasa. Me ya sa ba a taɓa gwada idon masu sa zobe ba? Me ya sa ba abin da zai hana kai wucewa in zobe bai zauna ba? Me ya sa wadda ta gani ba ta iya faɗa ba? Manaja ya dubi ƙasa. Mutumin hukuma ya rubuta waɗannan ma, na ga hannunsa. Ban san wanne zai fi nauyi ba, su ko maganar Yaya.

Dattijuwa mai ɗaura noti ta rufe fuska da mayafi. Ni ko kukan ban iya ba.

Alhamis, da yamma

Na miƙa wa Manaja amsata. Na ce a bar igiya, a bar awo, dukansu muke buƙata, kuma kowanne aka ɗauka aikin banza ne muddin babban yatsa ya fi mana sauƙi a kan buɗe baki. Ban jira in ga fuskarsa ba. An fara sanarwa a rediyo cewa duk mai kan gas ɗinmu na wancan watan ya dawo da shi. Yau har an ja igiya, wani matashi ne, a kan noti. Bayan ya ja ya bi layi yana ba kowa haƙuri.

Hukuma ta ce Yaya ya je ofishinsu ranar Litinin. Ba su ce ya zo da kaya ba, ba su ce kada ya zo da su ba. Anti ta daina cin abinci.

Da safe na kai Yaya asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce, ta yi kauri, amma ana cirewa. Ana cirewa. Abin da da an faɗa tun bara, da yini ɗaya ya isa.

Da muka fito muka tsaya a bakin titi, motoci suna ta wucewa. Sai ya ce, "Auta, ita yarinyar gidan can, an sallame ta?"

Na san amsar tun makon jiya, kuma ba mai faɗuwa ba ce a bakin titi.

Na ce, "Kawo hannunka, Yaya." Na riƙe shi a wuyan hannu, daidai inda yake riƙe ni in zai kai ni makaranta, na jira har hanya ta yi sarari, muka tsallaka. Bai sake tambaya ba.